Akwatin Tungar Baushe

Birnin Kebbi,
Jihar Sakkwato.
5 ga Agusta, 1979.

Zuwa ga ƙanena Abdussamadu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da karatunka da mutanen da kake zaune da su a can Ingila. Ya azumi? An ce mana ranarku ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, to Allah ya ba da lada, kai da a gida ko la'asar ba ka kaiwa sai ka fara leƙen tukunyar Inna. Mu nan damina ta yi albarka, gero ya fara fitar da kai, shinkafar fadama ta yi kore shar. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, ba ya gaba ba ya baya. 'Yata Nana ta yi haƙora huɗu tana cizon kowa, babanta ma lafiyarsa lau. Na san ka lura ban ambaci Yaya Arzika ba, ka kuma ga daga Birnin Kebbi nake rubuto maka ba daga tunga ba. Yana da rai, wannan na fara gaya maka don hankalinka ya kwanta. Sauran kuwa ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta.

Takardarka ta watan Yuni ta iso lafiya, har da hoton nan naka cikin kwat kamar wani joji. Na karanta wa Inna ita sau biyu, na je na karanta wa Yaya a bakin mashigi yana gyaran taru. Inda ka fi ba mu mamaki shi ne labarin zaɓen da ka ce Turawan can sun yi, na wakilan da za su je su zauna a majalisa guda da mutanen wasu ƙasashe takwas, kowa da yarensa. Ka ce ranar Alhamis aka jefa ƙuri'a, aka kulle akwatunan aka ajiye har sai da sauran ƙasashen suka gama nasu ranar Lahadi, sannan aka ƙirga. Ka ce tsohuwar da kake haya a gidanta ta zauna gaban talabijin tana kallon sakamako, da ta ga nata ya faɗi sai ta ja tsaki ta tashi ta ɗora shayi. Yaya ya yi dariya har da ƙwalla. Ya ce akwati ya kwana uku a ɗaki ba wanda ya fasa kan wani, lallai ko dai Turawa ba su damu da abin ba, ko kuwa ƙasarsu ba maƙera. Ranar yana cikin nishaɗi, don a makon ne aka gaya masa shi zai riƙa ƙetarawa da akwatin Tungar Baushe zuwa Argungu inda ake ƙirga, tunda ka san da damina ba mai shiga tungarmu ko ya fita sai ta jirginsa.

Namu zaɓen kashi biyar aka raba shi, duk ranar Asabar, yanzu saura na shugaban ƙasa. Na farko, na 'yan majalisar dattawa, ya wuce lami lafiya. Na biyu ne ya ja mana, na wanda zai wakilce mu a majalisar wakilai a Legas. Mutum biyu ne masu ƙarfi, Alhaji Tamba mai motocin albasa, da Malam Usmanu, tsohon disfensan nan da ya yi ritaya. Mazan tunga duk suna bayan Alhaji Tamba, don ya yi musu alkawarin injin ban ruwa da taki. Hodi, abokin kokawarka da ka taɓa kayarwa a dandali ya yi wata guda ba ya yi maka magana, shi ne yanzu shugaban jam'iyyar Alhaji a tunga, har da lasifikarsa. Ya tara magidanta a ƙofar masallaci, ya ce tunda bana mata ma za su yi zaɓe, kowa ya faɗi yawan yatsun gidansa. Wannan ya ce uku, wancan ya ce biyar har da uwarsa, kamar masu ƙirga awaki. Baban Nana ma ya ce biyu, nasa da nawa, ko tambayata bai yi ba. Aka tara aka samu ɗari huɗu da 'yan kai, Hodi ya rubuta a takarda ya kai wa Alhaji Tamba, ya bugi ƙirji ya ce ko ɗaya ba za ta ɓace ba.

To ga inda na shigo. Da yake ni ce malamar makaranta kuma ba gidan da ba na shiga, su da kansu suka ce in bi gida gida in koya wa mata dangwale. Na ɗauki takardar gwaji da ɗan shuni a murfin kwalba na kama aiki, ina nuna musu alamar jam'iyyar Alhaji Tamba kamar yadda aka ce in yi. Amma kusan kowane gida na shiga, in mun ƙare sai wata ta ja ni gefen murhu, ta yi ƙasa da murya ta ce in nuna mata ta Disfensa. Kai ba ka nan shekarar ƙyanda, kana makaranta a Zariya. Mutumin nan ya ƙetaro gulbi da akwatin allurarsa ya yi kwana tara a tunga yana bin ɗaki ɗaki. Maza suna fadama, mata ne suka ga wanda ya riƙe musu 'ya'ya. Asiya matar Yaya ta ce da ba don shi ba da duka ukun ta rasa, ba ɗaya ba. Duk wadda ta tambaya sai in nuna mata. In ta ce ko mai gida zai gane, in ce mata cikin zana mutum yake shiga shi kaɗai, takardar kuma ba suna a kanta, daga ke sai Allah. Ban ce wa kowa ta zaɓi wane ba, amma ba zan yi maka ƙarya ba, daɗi nake ji in an tambaye ni, kuma ni ma shi na dangwala wa. Abin da ban yi tunani ba, ni mai ilimin banza, shi ne kowace tana zaton ita kaɗai ce, kuma ranar ƙirga dole lissafin Hodi ya nemi wanda zai faɗa a kansa.

Yanzu ka tuna gurbin nan mai zurfi na tsakiyar mashigi, bayan ciyawar burugu, inda Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya wucewa in ruwa ya cika sai ya marmasa gumba ya watsa. Haka ya gada, haka ya koya wa Yaya. Bara wani malami ya zo wa'azi ya yi kaca-kaca da al'adar, ya ce ciyar da aljanu ne, shirka ce tsagwaronta. Abin ya shiga Yaya sosai. Ya miƙe a masallaci gaban jama'a ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya bari har abada, aka yi ta sa masa albarka, har liman yakan ba shi kiran salla. Shekara guda yana riƙe da rantsuwarsa. Sai ga shi kwana biyu kafin zaɓen aka yi ta sheƙa ruwa, gulbi ya zo ja wur yana tafe da itatuwa. Shi kuwa zai ɗauki akwatin gwamnati da ɗan sanda da malamin zaɓe, ba wanda ya iya iyo a cikinsu. Tsoro ya kama shi, ba don kansa ba. Da safe ya ce wa Asiya ta daka masa gumba, wai guzuri ne. Da yamma, rana ba ta faɗi ba, aka rufe zaɓe, aka kulle akwati aka buga masa hatimi, suka shiga jirgi. Ka san mai fito a baya yake tsayawa. Su biyun suna gaba sun ƙanƙame akwati, idonsu na kan gaɓar can suna salati, ba wanda ya waiwaya. Da suka kai gurbin ya sassauta, ya sa hannu a aljihu, ya watsa sau uku. Wasu mutum uku da ke duba shinkafarsu daga nesa suka hangi farin abu yana warwatsuwa a kan ruwa, ranar dai ba su ce komai ba.

Ranar Litinin da hantsi wakilin Alhaji Tamba ya dawo daga wurin ƙirga fuska a murtuke, Yaya ne ma ya fito da shi. Disfensa ya ci kujerar da tazarar da ba ta kai ɗari biyu ba. Akwatin Tungar Baushe kuwa, wanda aka ce ko ɗaya ba za ta ɓace ba, Alhaji Tamba ɗari da casa'in da uku, Disfensa ɗari biyu da ashirin da ɗaya. Wakilin ya ce Alhaji ya kira Hodi maci amana a gaban mutane, ya ce tungarmu ce ta kayar da shi. Kafin azahar gari ya ɗauki zafi. Maza suka taru a ƙofar masallaci suna rantse wa juna, kowa yana faɗin inda ya dangwala, kuma gaskiya suke faɗa. Wallahi Samadu, ko mutum ɗaya bai juya ya dubi ƙofar gidansa ba. Bai ma zo musu a rai ba cewa matar da ke tuƙa musu tuwo tana da yatsa nata na kanta. Tunda a zaɓen farko lissafi ya fita daidai, suka ce to a hanya aka taɓa akwatin nan. A nan ne mutanen nan uku suka tuna da farin abin da suka gani.

Ina cikin aji na ji hayaniya ta nufi mashigi, na saki alli na bi su. Na tarar an kewaye Yaya yana tsaye kusa da jirginsa, gwangwalar tuƙi a hannunsa. Hodi ya tambaye shi gaban kowa ko ya zuba wani abu a ruwa ranar Asabar. Liman yana nan tsaye a sahun gaba, mutumin da Yaya ya dafa Alƙur'ani a gabansa. Na ga Yaya ya dube shi, ya sunkuyar da kai, ya ce shi bai zuba komai ba. Hodi ya sake tambaya, ya sake musantawa. Aka turo mutanen nan uku, suka rantse ɗaya bayan ɗaya cewa da idonsu suka ga hannunsa ya tashi sau uku. Wani tsoho ya ce ai akwati a kulle yake da hatimi kuma ɗan sanda na zaune a kansa, aka yi masa caa, aka ce ai da ɗan sandan aka haɗa baki. Sai ga Asiya ta sheƙo a guje ko mayafi babu, tana kururuwa tana cewa gumba ce, ita ta daka da hannunta, a je a duba turmi. Na ɗauka shi ke nan an tsira, don duk wanda ke wurin ya san gumbar gidanmu. Yaya ya juya ya daka mata tsawa, ya ce ta koma gida, ƙarya take yi, shi ya bar wannan tun bara. Kunyar liman ta fi masa tsoron adda. Maganar nan ita ta gama shi, don yanzu ga shaidu uku sun ce ya zuba, shi ya ce ba gumba ba ce, to me ya rage in ba ƙuri'a ba.

Hodi ne ya fara. Ya fizge gwangwalar ya zabga masa a gadon baya har ta tsage. Daga nan ban san hannun wa da wa ba, gora, sanda, ƙotar fartanya, dutse. Mutanen da ya fitar da matansu suna naƙuda, mutanen da ya ƙetara da gawar iyayensu, su ne ke tattaka shi a cikin laka. Bai rama ba, ya dai dunƙule ya rufe kansa. Wani ya ce tunda shi gwanin nutso ne, ya shiga ya ɗebo musu ƙuri'unsu. Suka ja shi ta ƙafa har cikin ruwa, mutum huɗu suka danne kansa, su ɗago shi su tambaya ina takardu, su sake dannawa. Na ƙirga sau shida. Ruwan wurin ya koma kamar an wanke nama. Suka watso shi gaɓa yana aman ruwa da jini, sannan Hodi ya ce a kawo gatari a faskare jirgin. Jirgin Baba ne fa, wanda ya je har Yawuri ya sayo kafin a haife ka. Duk dukan nan Yaya bai yi ko tari ba, amma da ya ji saran farko sai ya rarrafa ya faɗa a kan jirgin ya miƙa hannunsa na dama ya tare. Sara na biyu a hannun ya sauka, ƙasa da gwiwa kaɗan. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. A lokacin ne na kutsa na kwanta a kansa, na sha gora biyu a kafaɗa, har yau ba na iya ɗaga tulu. Kada ka yaba mini. Tun farkon tambayar ina tsaye a wurin, na san inda ƙuri'un nan suka tafi, bakina ya ƙi buɗuwa. Na hangi baban Nana a cikin taron, bai daka ba, bai kuma hana ba, na tuna aurena da 'yata, na yi shiru. Matan tunga suna leƙe ta saman danga suna kuka, su ma ba wadda ta ce uffan.

Sarkin Ruwa, shugaban masunta, shi ne ya cece shi. Labari ya kai wa masunta a ƙasan gulbi, suka taso cikin jirage bakwai riƙe da masu da adduna, taron ya watse. Mu muka naɗe Yaya a tabarma aka ƙetara da shi a jirgin wani. Washegari da safe masunta suka dawo ramuwa. Suka cinna wa rumbunan Hodi wuta, da na ƙanensa, da na mutum biyu daga cikin shaidun, wutar ta ci har gidan wata tsohuwa da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Aka gwabza a dandali, manoma da masunta, mutanen da ke cin kasuwa ɗaya suna auren 'ya'yan juna. An sari wani a ka, ƙanen Hodi ya rasa ido ɗaya, an karya ƙafar wani masunci. Da azahar 'yan sanda suka iso daga Argungu suka watsa barkonon tsohuwa, suka kwashe mutum ashirin da uku. An sako yawancinsu, har da Hodi, yana nan yana yawo da lasifikarsa. Ba na jin daɗin ƙona rumbun kowa, abincin yara ne a ciki, amma ranar da na ga hayaƙin gidan Hodi zuciyata ta yi sanyi, Allah ya yafe mini.

A Argungu aka ɗinke raunin aka ce mu wuce Birnin Kebbi. Inna ta ƙi, ta ce maɗori ya fi sanin ƙashi, mu kuma muka biye mata. Kwana biyar hannun yana ɗaure da kara, ya kumbura ya yi baƙi, wari ya fara hana mutane shiga ɗakin. Da muka kawo shi nan likita ya duba sau ɗaya ya ce ko hannu ko rai. Ranar uku ga azumi aka yanke shi daga saman gwiwa. Kada ka ga laifin Inna, abin da ke cinta ya ishe ta. Akwai wata nas, Roda, 'yar Jos, Allah ya saka mata, ita ke wanke ciwon tana yi masa ba'a har ya murmusa, ita kuma ta ba ni takarda da biron da nake rubuta maka. Wani abu kuma, tun da aka kwantar da shi kaya ke zuwa daga tunga ta hannun direbobin Argungu, ƙwai, man shanu, busasshen kifi, garin kunu, duk a ƙullin tsumma ba sunan mai aikowa. Yaya yana ta mamakin masu ƙaunarsa haka. Ni na san ƙullin kowace.

Abin da ya fi hannun cin raina shi ne yadda ya ɗauki abin. Ya gaya mini maganar gumbar da bakinsa, yana hawaye, ya ce shi ya ja wa kansa, ya karya rantsuwa sannan ya yi ƙarya a gaban liman, Allah ne ya kama shi da hannun da ya watsa. Amma ya ce abu guda ke hana shi sukuni, ina ƙuri'un nan suka shiga, tunda shi dai ya san bai taɓa akwati ba, kuma yanzu har a kasuwar Argungu ana kiransa ɓarawon ƙuri'a. Shekaranjiya bayan la'asar, Asiya ta fita wanki, na durƙusa gaban gadon na gaya masa komai, da shunin, da gefen murhu, da nawa dangwalen, da shirun da na yi ana dukansa. Na ce masa na yanke shawara ranar Juma'a zan je gaban hakimi in faɗa, in baban Nana zai sake ni ya sake ni, a dai wanke sunansa. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ya tambaye ni mata nawa ne. Na ce sun haura ɗari biyu. Ya ce har da Asiya, na ce har da ita. Ya ce har da matan Hodi, na ce duka biyun. Sai ya yi wata 'yar dariya da ta ja masa ciwo, ya ce ashe akwatin nasa lafiya lau ya kai shi. Daga nan ya ɗaure fuska irin ta Baba. Ya ce in dubi abin da aka yi masa a fili gaban liman da rana tsaka, in gaya masa me za a yi wa mace a cikin ɗaki inda ba Sarkin Ruwa da zai zo. Ya ce nasa hannun ya riga ya tafi, maganata ba za ta dawo da shi ba, sai dai ta ƙara wasu ɗari biyu a kai. Ya ce in na je gaban hakimi bai yafe mini ba duniya da lahira, a bar su su ci gaba da cewa shi ya zuba. Na ce to 'ya'yansa fa, da za su tashi ana nuna su. Ya ce su ma za su iya ɗauka, 'ya'yan mai fito ne.

Don haka ba zan je ba, Samadu. Zan koma tunga in ci gaba da koyar da 'ya'yan mutanen da suka danne kansa a ruwa, in gaishe da iyayensu a hanya. Kai kaɗai ya yarda in gaya wa, don ya ce kana nesa, kuma ba ya so ka dawo da digirinka ka ji ana faɗa ka sunkuyar da kai. In ka dawo za ka ji, a mota, a kasuwa, har a bakin abokanka. Kada ka yi musu, kada ka yi faɗa, ka dai san abin da ka sani. In ka gama karanta takardar nan ka ƙona ta, kada ka ajiye ta cikin littafi yadda ka saba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka kuma ka sa mu a addu'a in ka sha ruwa. Asiya tana gaishe ka, ita da yara. Aminatu ta zo daga Ambursa ta yi mana kwana biyu, ta ce in gaya maka tana nan tana jira, kada wata Baturiya ta ruɗe ka. Ka gaishe mini da tsohuwar gidanku, ka gaishe da duk 'yan gida da kuke karatu tare. Yaya yana gaishe ka da kyau. Ya ce an gaya masa Turawa suna ƙera hannun roba, ka tambaya masa ko akwai wanda ke iya riƙe gwangwala. In ba ya riƙewa, ya ce kada ka wahalar da kanka, ba na ado yake nema ba.

Allah ya tsare mana kai, ya dawo da kai lafiya.

Ni ce yayarka,
Riskuwa